Maraɗi ko Tawa? Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Damagaram Masu Shirin Tafiya Hutu

Duk lokacin da aka rufe makarantu, ko ma'aikaci ya karɓi hutunsa na shekara, maganar inda za a je a huta takan taso a majalisun Birni da Zango da Sabon Gari. Garuruwa biyu ne suka fi fitowa a bakin mutane, wato Maraɗi da Tawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa, an jera su daga na farko-farko zuwa masu buƙatar bayani mai tsawo.

1. Me ya sa ake yawan haɗa waɗannan garuruwa biyu a wajen zaɓi?

Dalilin farko shi ne jami'a. A shekarar 2010 aka mayar da cibiyoyin koyon fasaha na Damagaram da Maraɗi da Tawa jami'o'i masu cin gashin kansu, bayan an daɗe duk mai neman karatu mai zurfi a Nijar sai ya nufi Yamai. Tun daga nan ɗalibai suke kai-kawo tsakanin biranen uku, har ya zamana da wuya a sami unguwa a Damagaram da ba ta da yaro ko malami a ɗaya daga cikin biyun. Mutum kuwa ya fi son ya sauka inda yake da nasa. Dalili na biyu, dukansu manyan biranen jaha ne da ake zuwa ta kwalta, ana Hausa a cikinsu, kuma ba a ƙetare iyaka balle a yi canjin kuɗi.

2. A taƙaice, wanne ya kamata in zaɓa?

Ku fara ƙirga kwanakin da kuke da su kafin ku dubi komai. Wanda hutunsa bai wuce kwana huɗu ba, Maraɗi ce tasa, domin zuwa Tawa da dawowa kaɗai zai cinye masa wuni biyu a mota. Wanda yake da mako guda ko fiye, kuma abin da yake nema shi ne ya ga ƙasa wadda ba ta yi kama da tasa ba, to Tawa ta fi cancanta da wahalar hanya.

A ganina, Maraɗi gari ne na zuwa a yi hidima: kasuwa, zumunci, sayayya, ganin likita. Tawa kuwa gari ne na zuwa a zauna. Mutumin Damagaram da ya sauka Maraɗi zai ga gari mai cunkoso fiye da nasa amma da ɗabi'u na kusa da nasa, wanda ya sauka Tawa kuwa tun daga launin duwatsu da yanayin magana zai san ya bar gida. Sauran sharuɗɗan, musamman lokacin shekara da waɗanda za a tafi da su, suna cikin amsoshi na 4 da na 11.

3. Yaya nisan kowanne, kuma ta ina ake bi?

Daga Damagaram zuwa Maraɗi kusan kilomita 240 ne a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Takeita da Tasawa da Gazawa da Agye da Cadawa. Babbar motar fasinja takan yi tafiyar cikin awa huɗu ko kusa da haka, ya danganta da tsaye-tsaye. Wanda ya yi sammako zai iya cin abincin rana a Maraɗi.

Tawa kuwa tana da nisan kusan kilomita 600. Sai an wuce Maraɗin, an bi ta Gidan Rumji da Madawa da Galmi da Malbaza, a Tsarnawa a bar hanyar Yamai a karya arewa ta Badagishiri. Wannan tafiyar wuni ce cur. Akwai wata hanya da ke tashi daga Madawa ta bi ta Buza da Keita, wadda ta fi kyan gani saboda tsaunuka da kwaruruka, amma kada mai motar kansa ya ɗauke ta sai ya tambayi direbobin tasha halin da take ciki a wannan makon. Kamfanoni irin su Rimbo da STM da Al Izza suna da tashoshi a manyan biranen ƙasar. Ranar sayen tikiti a tambaya ko motar kai tsaye take zuwa Tawa ko za a sauya wata a hanya, domin wannan ne ke bambanta isa da la'asar da isa cikin dare.

4. Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗi a garuruwan biyu, sai dai hazo da ƙurar hunturu suna damun masu ciwon ƙirji. A bazara, wato Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 a ko'ina, kuma Tawa, da yake ta fi kusa da hamada ga duwatsu masu riƙe zafi, ta fi tsanani. Ban ga hikimar kai iyali can a watan Afrilu ba sai da lalura.

Matsalar ita ce babban hutun makarantu yana faɗowa ne cikin damina, daga Yuli zuwa Satumba. A lokacin Maraɗi takan yi kore shar, domin ta fi Tawa da Damagaram samun ruwa, amma sauro yana yawaita kuma wasu unguwanni na gangare suna cika da ruwa. A Tawa ruwan bai kai haka ba, sai dai idan aka yi mamako koramu na saukowa daga tsaunuka da ƙarfi, har su tsayar da motoci na wasu awanni. Duk wanda zai yi tafiyar damina ya sa gidan sauro cikin kayansa tun daga gida.

5. Me baƙo zai gani a Maraɗi?

Maraɗi gari ne na Katsinawa. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ci Katsina, gidan sarautar Haɓe ya yi hijira arewa, kuma wajen 1819 Sarki Ɗan Kasawa ya zauna a bakin Gulbin Maraɗi. Shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Katsina. Garin da ake gani yanzu ba shi ne na asali ba: ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin fadama, aka tayar da mutane zuwa kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. Don haka wanda ya saba da lungunan Birni da gidajen zane na Damagaram kada ya sa ran samun irinsu. Fadar sarki tana nan, kuma a tazarar kilomita goma da ƴan kai akwai Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa sabuwar hedkwatarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ana iya zuwa da safe a dawo kafin azahar.

Babban abin kallo dai kasuwa ce. Arzikin garin ya tashi ne daga cinikin gyaɗa, daga baya ya koma fatauci da Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, har kalmar Alhazan Maraɗi ta zama suna. Litinin da Juma'a ne kasuwa ta fi cika. A kudu kuma, kimanin kilomita 25, akwai tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Kafin a nufi can a karanta amsa ta 10.

Akwai wani abu da matafiya kan wuce ba su lura ba. Itatuwan gawo da sauran itatuwa da suka cika gonaki tsakanin Tasawa da Maraɗi yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Tohon kututture ne manoma suka riƙa bari suna gyarawa, dabarar da ake kira sassaben zamani, wadda ta bazu daga yankin Maraɗi tun cikin shekarun 1980.

6. Tawa fa, ba ƙaramin gari ba ne da za a gama gani a wuni ɗaya?

Cikin garin kam haka ne. Ƙidayar 2012 ta ba Maraɗi mutum sama da 260,000, Tawa kuwa ba ta kai 150,000 ba. Garin ya taso ne daga ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakawa, waɗanda yanzu unguwanni ne. Ranar Lahadi ce babbar kasuwa, kuma ita kaɗai ta isa dalilin zuwa, domin nan manoman Adar suke haɗuwa da Buzaye da Fulani da Larabawan Azawak, ga raƙuma, ga shanun Azawak masu jan jiki da aka san su da nono, ga kayan fata da na azurfa. A tsara tafiya yadda Lahadi za ta faɗo a tsakiyarta.

Amma darajar Tawa tana kewayenta. Ƙasar Adar ƙasa ce ta fako da tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, da kwaruruka masu albarka a tsakaninsu inda ake noman albasa da tumatir da rani. A Keita, kimanin kilomita 70 gabas da gari, ana ganin ragowar babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da tallafin Italiya: jerin duwatsu a jikin tsauni, madatsun ruwa, da dazuzzukan da aka dasa a inda da babu ko ciyawa. Mata ne suka yi mafi yawan aikin da hannunsu, saboda mazan Adar sun shahara da tafiya cin rani zuwa Abijan da sauran biranen bakin teku. A kan hanyar Agadas kuma, kimanin kilomita 50, akwai tafkin Tabalak da masuntansa da tsuntsayen da ke sauka lokacin sanyi. Ilela, mazaunin Sarkin Adar, tana kudu.

Duk waɗannan wurare suna buƙatar mota da ɗan gari mai rakiya, abin da ya sa na ce a amsa ta 2 Tawa ba ta ɗan gajeren hutu ba ce.

7. Jami'o'in kansu, akwai abin da baƙo zai je gani? Ina son ɗana ya ga inda zai yi karatu.

Harabar jami'a ba wurin yawon buɗe ido ba ce, gine-gine ne sababbi irin waɗanda kuka sani a Jami'ar André Salifou ta nan gida. Amma ga uban da yaronsa ke shirin jarrabawar bak ta kammala sakandare, ziyarar tana da amfani sosai, kuma nan ne zaɓin gari ya daina zama na sha'awa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wadda aka raɗa wa sunan ɗan garin da ya riƙe ma'aikatar ilimi zamanin Diori Hamani, ta fi ƙarfi a kimiyya da fasaha, aikin gona da muhalli, da kiwon lafiya. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, mai ɗauke da sunan masanin tarihin da ya yi bincike a kan Adar da masarautar Agadas, an fi saninta da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Saboda haka fannin da yaron ke so shi zai nuna garin da za a je. A Maraɗi akwai kuma jami'o'i masu zaman kansu, ciki har da Jami'ar Maryam Abacha.

A je ranar aiki da safe, a gabatar da kai ga masu gadi, a nemi ofishin rajistar ɗalibai. Kalandar jami'a ba kullum take tafiya daidai da ta makarantun firamare da sakandare ba, don haka a buga waya ga wani ɗalibi a tabbatar ana karatu a makon.

8. A ina za mu sauka?

Yawancin masu wannan tafiya gidan dangi ko na aboki suke sauka, kuma idan kuna da mai masauki a gari ɗaya ba ku da shi a ɗayan, to rabin zaɓin ya riga ya yanke kansa. Sai dai a tuna ɗalibi ba mai masauki ba ne. Ɗakunan kwanan jami'a na ɗalibai ne, a cunkushe suke, kuma bai dace a ɗora wa yaron da ke jiran kuɗin tallafin karatu nauyin baƙi ba. Ya yi muku jagora, ku ku ciyar da shi.

Wajen otel da gidajen saukar baƙi, Maraɗi ta fi yawan zaɓi saboda ƴan kasuwa da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Garuruwan biyu sun sami sababbin tituna da gine-gine lokacin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba mai zagayawa, Maraɗi Kwalliya a 2015 da Tawa Sakola a 2017, kamar yadda muka ga namu a Zinder Sabuwa ta 2018. Kafin a biya kuɗin ɗaki a tambaya ko akwai injin wuta ko sola, musamman da bazara.

9. Wanne ya fi cin kuɗi?

Kuɗin mota zuwa Tawa ya fi na Maraɗi nesa ba kusa ba, tunda nisan ya ninka sau biyu da rabi, ga abincin hanya, ga hayar motar zuwa Keita ko Tabalak. A Maraɗi kuwa kuɗin ba a hanya suke tafiya ba, a kasuwa suke tafiya. Mutum yakan shiga da niyyar sayen turmi ɗaya ya fito da uku, don ya ga sauƙi. Cikin gari kabu-kabu da adaidaita sun wadata a Maraɗi, a Tawa ma ana samu, kuma tafiye-tafiyen gajeru ne. Babu buƙatar ɗaukar jikkuna masu yawa a aljihu, tunda kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da makamantansu suna da rassa a biranen biyu.

10. Yaya batun tsaro?

Cikin biranen biyu ana harkoki kamar kullum. Abin lura yana gefe. A jahar Maraɗi, ƙauyukan kan iyaka na yankunan Madarunfa da Gidan Rumji sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane da ke ƙetarowa, kuma dajin Babban Rafi ba wurin yawo ba ne. A jahar Tawa, an sanya yankunan Tiliya da Tasara na arewa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, baƙo ba shi da abin yi a can.

Ka'idojin kaɗan ne: a yi tafiya da rana, a tsaya kan babbar hanya, kowane baligi ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa saboda shingayen jandarma da ƴan sanda, yara kuma a riƙe musu takardar haihuwa. Halin hanya yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka maganar mai masaukinku ta ranar da za ku fita ta fi duk abin da aka rubuta a nan nauyi. Idan ya ce kada a je Madarunfa ko Tabalak a wannan makon, a haƙura.

11. Za mu tafi da ƙananan yara da mahaifiyata. Hakan ya canza lissafi?

Ƙwarai kuwa. Wuni guda a mota yana gajiyar da saurayi ma, balle tsohuwa mai ciwon ƙafa ko jariri. Da irin wannan ayari Maraɗi ta fi, kuma tana da babban asibiti da ɗakunan shan magani masu yawa idan wani abu ya taso. In kuwa dole sai Tawa, misali Hajiya na son ganin jikanta da ke karatu a can, a raba tafiyar biyu kamar yadda aka bayyana a amsa ta 14.

12. Za mu fahimci Hausarsu?

Za ku fahimta, sai dai kunne zai ɗan yi aiki a kwanakin farko. Tun daga Maraɗi za a fara jin "munka tahi" da "anka yi" a inda muke cewa muka tafi da aka yi. A Adar abin ya ƙara nisa: "hwara" a maimakon fara, "shi na" da "ita ta" a maimakon shi ne da ita ce, ga saurin magana. Su ma za su gane ku daga jimlar farko, kuma da wuya a rasa mai tsokana. Yara sun fi kowa saurin ɗauka, sukan dawo gida da bakin Adarawa a yi ta dariya.

13. Wace tsaraba ake kawowa daga kowanne?

Daga Maraɗi, atamfa da shadda da kayan gida, sai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da kayan fatar jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Daga Tawa, cuku shi ne kan gaba, sai takalma da jakunkunan fata da zobban azurfa na maƙeran Buzaye. Mai dawowa daga Tawa yana da ƙarin riba a hanya: albasar Galmi a inda ake nomanta, da tabarmi da kilishi a Madawa, idan direba ya tsaya. Daga nan gida kuwa, alkaki ba ya ba mutum kunya a hannun mai masauki.

14. Ba za a iya haɗa su biyun a tafiya ɗaya ba?

Ana iyawa, tunda hanyar Tawa ta Maraɗi take bi, kuma ga mai kwana takwas zuwa goma wannan ne tsarin da na fi so. A tashi Damagaram ranar Alhamis, a kwana biyu a Maraɗi a ci kasuwar Juma'a, ranar Asabar a kama hanyar Tawa mai kusan kilomita 350, a wayi gari a kasuwar Lahadi. Sauran kwanakin a ba Keita da Tabalak, a bar wuni ɗaya ba tare da an tsara komai ba. A dawowa a sake kwana a Maraɗi, kuma a nan ne ya kamata a yi sayayya mai nauyi, don kada a yi ta jan kaya zuwa Adar da dawowa. Wanda bai kai kwana bakwai ba kada ya gwada wannan, zai dawo bakin aiki da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita.

15. Ni kokowa ce ta dame ni. Wane gari ya fi?

A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma ɗan Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ya ɗauki takobi, abin da ya sa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa kamar yadda namu ke ɗauke da na Langa-Langa. Gasar tana zagaya jahohi takwas ne, kowace shekara gari ɗaya, cikin rani bayan an kawar da amfanin gona. Idan ta faɗo a ɗaya daga cikin biranen biyu a shekarar da kuke shirin tafiya, a nemi masauki da tikitin mota tun makonni kafin ranar buɗewa, domin ɗakuna kan ƙare kuma motoci kan cika tun daga tashar farko.